Ɗumin Jikin Don Eleodoro

Shekara ashirin Don Eleodoro ya yi yana goge layin ƙarfen da maduban na'urar hangen taurari ke gudu a kai, cikin rami ƙarƙashin dutse a hamadar Atacama, inda ake haɗa hasken taurarin da ido ba ya gani. Da aka inganta na'urar, sai ta fara jin ɗumin mutum.

Injiniya ta ce, "Don Eleo, sai haƙuri. Jikinka ya cika ɗumi, yana ɓata mana awo."

Aka sa inji a madadinsa, aka sallame shi.

A gida, matarsa Herminia ta kama hannunsa da sanyin rami ya ƙandarar har riƙe cokali ya gagare shi.

Ta ce, "Wannan ne ya cika ɗumi? Su zo su taɓa."