Rigar da Na Ɗinka wa Gwaggo

Wata biyu ke nan da faruwar abin, amma har yanzu in mota ta tsaya a ƙofar kwaleji sai gabana ya faɗi, in ce ni aka zo nema.

Kwalejinmu sabuwa ce, cikin waɗanda aka yi ta ginawa lokacin da kuɗin man fetur ya shigo. Da muka zo daga sakandare, kekunan ɗinki na cikin akwatunansu, mu muka ɓalle su. Ana koya mana ɗinki da kwalliyar kek da darasin fim. Ranar Laraba a rufe tagogi a kunna majigi, malami ya tsayar da hoto ya ce mu faɗi abin da ya sa mai ɗauka ya tsaya nan bai tsaya can ba. A kek ban taɓa yin abin kirki ba, furen sukarina kullum sai ya kwanta kamar kashin kaza. Ɗinki ne nawa. Malamarmu tana da doka guda da ba ta ɗaga wa kowa: duk abin da kika ɗinka, ko hankici ne, sai kin sa haruffan kwaleji da lambarki da jan zare a cikin wuya, don kada wata ta miƙa aikin wata. Wadda ta manta, a warware aikinta a gaban aji. Sau ɗaya aka yi mini. Tun daga ranar hannuna ke yin lambar da kansa.

Da hutu na koma gida Jibiya. A gidanmu akwai matar da muke kira Gwaggo, ko da yake ba jini muka haɗa ba. Mutuniyar Maradi ce, mijinta direba ya rasu, mahaifiyata ta ba ta ɗakin da ke kusa da rumbu. Ita ta goye ni ina ƙarama. Takan tsallaka iyaka da ƙuliƙuli, ta dawo da sigari ɗaure a ƙugu a ƙarƙashin zane. Kowa ya sani, ba mai faɗa.

"'Yar lakwal," haka take kirana, wato 'yar makaranta, "igiyar nan ta cinye mini ƙugu. Mi aka koya muku can, in ba ki iya yi ma Gwaggonki magani ba?"

Ta ɗaga rigarta. Fatar ta saɓule ta yi ja.

Ba ta matsa mini ba, kada in yi mata ƙarya. Ni na ji daɗin a ce na iya. Na gwada ta, na yanka farin yadi, na yi mata 'yar riga ta ciki mai aljihu sha biyu, kowane daidai kwalin sigari, nauyin ya koma kafaɗa. Da ta sa, ta ɗora babbar rigarta a kai, ta shiga zagaya tsakar gida tana rangaji.

"Ku gan ni, jama'a! Na yi ƙiba irin ta matan alhazai!"

Sau uku ta je ta dawo lafiya. A na huɗu, da hantsi, wani ɗan kwastan ya yi sallama ya ce ana son ganin ɗalibar kwaleji. Na bi shi, muka wuce layin motocin siminti, direbobi da 'yan dako suna bin mu da ido.

Gwaggo na zaune a benci, kanta a sunkuye. Rigar tana kan tebur an juya ta. Ga lambata nan, ja wur. Wallahi ban ma san na sa ta ba.

Babban nasu bai yi mini tsawa ba, da ma ya yi. Ya ce, "Malama, duk Jibiya ke kaɗai ce a wannan kwalejin. In don wannan aikin kika ɗinka ta, dole in rubuta wa shugabarku. Kin san abin da zai biyo baya."

Na sani. Kora. Na tuna mahaifina, yadda ya raka ni tasha ranar da zan fara, yana gaya wa duk wanda ya gamu da shi inda zan je. Bakina ya buɗe kafin in yi shawara da shi.

"Aikin aji ne, ranka ya daɗe. Rigar ajiye kayan ɗinki ce. Na wanke na shanya a igiya, ban sake ganinta ba."

Ya juya ga Gwaggo. "Baba, haka ne?"

Ta ɗago ta dube ni, ba da harara ba. Ta ce, "Gaskiya ta hwaɗi. Ni na ɗauke ta. Yarinya ba ta san komi ba."

Taga a buɗe take, 'yan dako na jingine a jikinta.

Suka riƙe sigarin, suka ja mata kunne, suka sallame ta. A garinmu shigo da kaya ta bayan fage ba abin kunya ba ne, rabin unguwa da shi suke ci. Amma a ce kin yi sata a gidan da aka ba ki ɗaki, wannan ba ya wankuwa. Kafin la'asar zancen ya gama kasuwa. Washegari na ga maƙwabciyarmu ta kwashe shanyarta da ta hango Gwaggo ta nufo rijiya.

Mahaifina bai san gaskiyar ba. Ya ce ba zai zauna da mai ɗan hali ba. Mahaifiyata ta yi ta roƙo, ta ce shekara goma sha tara ko allura ba ta taɓa ɓata ba. Ina tsaye a bakin madafa ina jin su.

Ranar da za ta tafi na ɗaukar mata ƙullin kayanta zuwa inda motocin Maradi ke lodi. Na fara kuka, na ce zan koma in faɗa.

"Kul!" ta ce. "In kin hwaɗi, mun yi asara biyu. Ni tsohuwa ce, sunana ya gama aiki. Tahi ki yi karatu, ɗiyata."

Na karɓi wannan maganar da sauri, kuma saurin ne yake damuna.

Yanzu ina kwaleji. Na rubuta wa mahaifina wasiƙa na faɗi komai, tana cikin akwatina, har kan sarki na manna. In ta isa, zai aika a dawo da Gwaggo, ya wanke ta a gaban unguwa, zancen kuma ya kai ofishin bakin iyaka, daga nan ya iso nan. Saura kwana tara jarrabawa. Na ce sai bayan jarrabawa in aika. Na kuma san bayan jarrabawar akwai sakamako da zan ce ina jira.