Takardar da ke Cikin Hulata

Ina da shekara hamsin da biyu na fara zuwa ajin karatun manya, a wani ɗaki da ke saman laburaren unguwarmu a Tottenham, Talata da Alhamis. Kafin nan na yi fiye da shekara ashirin ina sharar ofisoshi a Aldwych, kuma ban taɓa ɓata a Landan ba. Na san lambar bas, na san fuskar gini. Idan takarda ta zo daga kansul, wato hukumar unguwa, sai in ajiye wa 'yarmu. Idan aka miƙo mini fom a asibiti sai in shafa aljihu in ce na manto tabarauna. Ba ni da tabarau, idona garau yake.

Ina shekara ta biyu a ajin 'yar tamu, wadda ke aikin jinya, ta yi mana booking ni da mahaifiyarta a jirgin ruwan shaƙatawa, irin wanda ake kwana a ciki, a ci a ciki, a wayi gari a bakin wata ƙasa. Kwana goma, daga Southampton zuwa Sifen da Fotugal a dawo. Da labari ya kai kunnen yayan matata, wanda likita ne, sai ya ce shi ma zai je. A falonmu ya faɗa, ina zaune.

"Dole in bi ku. Jirgin nan komai nasa a rubuce yake. Wa zai karanta muku?"

Na sunkuyar da kai. A wurinmu yayan mace suruki ne. Ba a musu da shi, ba a kallon tsakiyar idonsa, idan kana da magana sai ka bi ta bakin ƙanwarsa. Shekara ashirin da shida ina yin haka. Amma da na gaya wa malamarmu zancen tafiyar, ta ce kullum ana raba wa fasinjoji takardar abubuwan da za a yi a ranar, in taho mata da su. Nan na ƙudurta cewa duk takardar da aka ba ni sai na karanta ta da kaina, daga sama har ƙasa, ko da zan wuni a kanta.

Darasin farko tun a tasha na same shi. Ana karɓe manyan akwatuna, ba za ka sake ganinsu ba sai yamma. Butarmu da darduma da maganin hawan jinin matata duk suna ciki. Da kofin shayi na yi alwalar azahar. Don haka mai niyyar tafiya ya riƙe ƙaramar jaka a hannu, ya sa magani da fasfo da darduma, da butar roba, domin babu mai ba ka buta a jirgi. Ya kuma tafi da yajinsa. Abinci kam ga shi nan kamar ranar suna, sai dai yawancinsa lami. Tun ranar farko ka gaya wa mai kawo abinci abin da ba ka ci, ka tambaye shi miyar da aka zuba wa giya, ba zai ji haushi ba. Mu dai kifi muka riƙe.

Alƙibla ta ba ni wuya kwana biyu, don jirgi ba ya tsayawa wuri ɗaya. Daga baya na gano akwai tasha a talabijin ɗin ɗaki mai nuna taswira da inda hancin jirgin ya dosa. Da ita nake kwatantawa in tayar da salla. Matata kuwa jiri ya kwantar da ita a rana ta biyu. Citta ta taimaka, da fitowa waje ta kafa ido can inda ruwa ya haɗu da sama. Zaman ɗaki ƙara shi yake yi.

Takardar kuwa, mai gyaran ɗaki ne ke ajiye ta a kan gado da yamma. Bayan sallar asuba sai in hau saman jirgi da shayina, in shimfiɗa ta a tebur, in bi ta da yatsa. Ranar farko har aka kwashe abincin safe ban gama ba. Yayan matata ya same ni a haka.

"Ɗan makaranta, an ba da aikin gida ne?"

"Ina kwana, Yaya."

"Lafiya lau. Bar wahalar da kanka, duk abin nan yana cikin waya."

Na ce to. Da ya wuce na koma layin da na tsaya.

A takardar ne na ga an ce kowa ya tura agogonsa gaba da awa ɗaya, saboda Sifen. Na tura agogon hannuna. Muka sauka a wani gari na Sifen, muka zaga, muka dawo lafiya, Yaya a gaba muna biye.

Ranar da za mu sauka Lisbon ta Fotugal sai na ga wani rubutu da aka zagaye da baƙin layi a saman takardar. Na bi shi a hankali. Cewa ya yi agogon garin yana bayan na jirgi da awa ɗaya, amma jirgi ba zai sauya nasa ba, tunda Sifen za a sake komawa. Kowa ya dawo ƙarfe huɗu da rabi na agogon jirgi. Kada a dogara da waya, domin ita agogon gari za ta ɗauka. Sau uku na karanta. Sannan na yi abin da ban taɓa yi ba: na je teburin tambaya, na ɗora yatsa a wurin, na ce wa matar da ke zaune ni sabon shiga ne a karatu, ga abin da na fahimta, haka ne? Ta ce haka ne, ta ma ja layi da biro a ƙarƙashin adireshin tashar da lambar wakilin jirgi da ke bayan takardar. Na ninke ta na sa cikin hulata.

Kuskurena shi ne ban gaya wa Yaya da bakina ba. Na bi hanyar da na saba, na ce wa matata ta gaya masa. Ita kuma da ta je, abin da ta riƙe kawai ta faɗa.

"Yaya, Malam ya ce huɗu da rabi."

"Na gani a allon bakin ƙofa," ya ce.

Rabin saƙon ya zube a hanya, ni kuma na ɗauka ya isa.

Yaya yana da aboki a Lisbon, wani Alhaji da suka yi sakandare tare a Katsina, yana zaune a tsallaken kogi. Ya zo ya ɗauke mu. Tafiyar ta kai minti arba'in, na duba. A gidan aka yi gaisuwa, aka sake gaisuwa, aka tambayi na Kano da na Katsina ɗaya bayan ɗaya, aka yi azahar. Matar Alhaji tun jiya take shiri. Ta ce shekara uku rabon da baƙo Bahaushe ya ci abinci a gidanta, don haka tuwon shinkafa da miyar taushe za ta yi mana, ba wani abin gaggawa ba. Matata ta bi ta kicin. Ƙamshi ya cika falo, su Yaya suna ta labarin wani malamin lissafi mai bulala.

Agogona ya nuna uku da kwata. Na bangon falon yana biyu da kwata. Tuwo ko tuƙawa ba a yi ba.

Kowa ya san abin da ake nufi da baƙo ya tashi ana dab da sauke tukunya. Cin fuska ne ga mai gida, ya fi ma ga matarsa. Ga kuma surukina a zaune. Na ba kaina minti biyar ko wani zai lura. Babu wanda ya lura.

"Yaya, a yi haƙuri, lokacin tafiya ya yi."

Ya ɗaga wayarsa. "Biyu da minti ashirin. Yunwa ce ko tsoron ruwa?"

"Agogon jirgi uku da ashirin yake. Ba su sauya ba."

Na cire hulata, na fito da takardar, na warware ta a gwiwa. Ban taɓa karatu da ƙarfi a gaban kowa ba in ba a aji ba. Na ɗora yatsa na fara, kalma ɗaya bayan ɗaya, da Turancina na mai shara. Na ci layi na farko. A na biyu wata doguwar kalma ta tare ni, na tsaya ina haɗa ta.

"Ya isa," in ji Yaya. "Ka juya abin ne. Idan ma akwai bambancin awa, to ƙari muka samu."

Na miƙa masa takardar da hannu biyu. Bai karɓa ba. Alhaji ya miƙo hannu, Yaya ya ce, "Bar shi, Alhaji. Bara waccan ya fara A da B." Ya juyo gare ni. "Zauna, kada ka ba mu kunya a gidan mutane."

Alhaji ya so ya gyara. "Haba, Malam, jirgi guda zai tafi ya bar likita? A ci tuwo tukuna."

Na tsugunna gaban Yaya kamar yadda na saba. Amma a karon nan na dubi idonsa.

"Yaya, bara waccan na fara, gaskiya ne. Wannan dai na karanta shi, kuma na tambaya. Ni zan tafi."

Na je bakin kicin na yi sallama. Matar Alhaji na riƙe da muciya. Na ba ta haƙuri, ban ma san abin da na faɗa ba. Fuskarta ta sauya, har yau ina ganinta. Matata ta leƙo ta dubi yayanta, wanda ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinsu, sannan ta dube ni.

"Malam, ka tabbata?"

"Sau uku na karanta."

Ta wanke hannu, ta ɗauki mayafinta, ta durƙusa ta ce, "Yaya, sai ka taho."

"Ku je ku sha iskar bakin ruwa," ya ce. "Zan taho muku da ɗumame."

A titi na tsayar da tasi. Direban ba ya jin Turanci, sai na nuna masa wurin da matar nan ta ja wa layi, ya gyaɗa kai. A kan gada motoci suka cushe. Nan shakka ta kama ni. Idan Yaya ne da gaskiya fa? Na ɓata wa matar mutane rai, na raba ƙanwa da yayanta a gaban baƙi, saboda karatun shekara biyu. Na sake fito da takardar, na koma kan kalmar da ta tare ni, na haɗa ta har ta fito. Na ƙarasa layin. Abin da na fahimta da safe shi ne dai a wurin.

Huɗu da minti ashirin muka isa. Ma'aikata har sun fara naɗe rumfar bakin matakala. Matata ta kira Yaya, bai ɗauka ba, ana cin tuwo. Sai a kira na huɗu ya ɗauka, ta ce masa ana kwashe kaya. Aka kira sunansa a lasifika sau biyu. Na koma teburin tambaya na ce surukina ne, yana hanya. Matar ta ce jirgi ba ya jiran wanda ya fita yawon kansa, sai wanda ya bi motar da masu jirgin suka shirya. Fasfonsa kuma yana cikin akwatin ƙarfe na ɗakinsa. Suka buɗe suka ciro, suka ba wakilinsu na tasha ya ajiye masa. Shi ya sa nake cewa kada ka sauka ba fasfo a jikinka, kuma ka ɗaura agogon hannu mai bin lokacin jirgi. Ƙarfe biyar aka kwance igiya. Matata ta tsaya a bakin ƙarfen gefen jirgi tana duban tasha har ta ɓace, tana share ido da gefen mayafi. Ban ji daɗi ba. Amma ban yi da-na-sani ba.

Kwana biyu bayan nan Yaya ya same mu a gari na gaba, ta mota, sanye da kaftanin Alhaji da ya tsaya masa a ƙwauri. Na tare shi a bakin matakala, na tsugunna.

"Sannu da hanya, Yaya."

"Yauwa."

A ranar na nemi takarda da biro na rubuta wa matar Alhaji wasiƙar ban haƙuri da hannuna, layi shida, na yi awa biyu a kai. Takardun jirgin goma kuwa duk na kai wa malamarmu da muka koma Landan, ta Lisbon ce kawai ta yi laushi da gumin kai.

Washegarin dawowarsa ina saman jirgi bayan asuba, yatsana a kan sabuwar takarda, sai ga Yaya da kofin shayi. Ya ja kujera ya zauna. Wayarsa tana aljihu. Ya daɗe yana kallon ruwa.

"Malam, yau ƙarfe nawa aka ce a dawo?"

Lokacin yana can ƙasan shafi, da na tsallake da na gani nan take.

"Ban kai wurin ba tukuna, Yaya. Daga sama nake farawa."

Ya kurɓi shayinsa, ya jira.