Kurkunun Illa da surukinsa

Har gobe idona na ganin safiyar da aka kawo mana Illa a amalanken jaki, ƙafarsa ta dama ta kumbura kamar turmi. Lokacin ina ƙaramin ma'aikacin jinya a wata ƴar likita, ƙaramin asibitin ƙauye, kusa da Allakaye, ƙarƙashin Majo Sahabi, wato babban ma'aikacin jinyar da ke shugabantar wurin. Shekarun yaƙi da kurkunu ne. Ku yaran yanzu a littafi kawai kuka san shi, mu kuwa da shi muke karya kumallo duk damina.

Kurkunu tsutsa ce doguwa kamar zare, a ruwan tabki ake shan ƴaƴanta. Abin da ya fi ba ni mamaki da ita shi ne ladabinta. Tana yin kusan shekara a jikin mutum tana girma, garkuwar jiki ba ta ce mata uffan ba. Majo ya kan ce tsutsotsi irin wannan suna fitar da wasu furotin masu lallashin ƙwayoyin jinin da ke tsaron jiki, su sa su yin sanyi. Amma in ta tsinke a cikin nama, ruwan cikinta da ƴaƴanta suka watsu, sai masu tsaron nan su farka gaba ɗaya, su far wa wurin da faɗa. Kumburi da zazzaɓi da zafin da ke biyo baya, yawanci faɗan jikin ne da kansa. Shi ya sa aikinmu na haƙuri ne: a jiƙa ƙafar, a naɗe kan tsutsar a ɗan tsinke, a ja kaɗan, da ta yi tauri a tsaya, a ɗaure sai gobe.

Illa ya san duk wannan, don ni da kaina na fara naɗa masa. Sai dai sabon ango ne, kuma ƙaƙƙarfa, irin waɗanda ke ganin ba abin da damtse bai iya ba. Ranar gayyar noman surukinsa ta gabato. A wajenmu, angon da bai kai samari gonar uban matarsa a daminar farko ba, ya sha gori har tsufa. Da jajibiri sai ya zauna ya kama tsinken ya fizge, wai ya huta. Ta tsinke.

Mun sha wahala da ƙafar nan. Allura, ƙwayoyin rage kumburi, daga baya muka tsaga ƙurjin muka fitar da mugunya. Majo ya gaya mini a gefe cewa in ciwon ya shiga gwiwa, za ta sandare, Illa ya yi sallama da hauya ke nan. Allah ya taimaka kumburin ya fara saɓewa. Muna cikin hamdala sai ga wani ƙurji a idon sawun hagu, wata tsutsar ta leƙo.

Ina wanke masa wurin na ga yadda yake kallon tsinken, na gane nufinsa. An ɗage gayyar zuwa maimai, noma na biyu, shi kuma so yake ya warke kafin nan.

"Illa, kada ka sake," na ce.

"Likita, wagga ƙarama ta," in ji shi. "Ja guda ta hita. Mi za ni ce ma mutane in an koma yin gayya ba ni?"

Na yi faɗa, na yi lallashi, har na yi masa barazanar ɗaure hannuwansa da bandeji. Dariya kawai ya yi. Na kai ƙara wurin Majo, raina a ɓace. Majo ya tura babur ɗinsa ya fita. Da hantsi sai ga shi ya dawo da wani tsoho a baya, tsohon ya riƙe rawaninsa da hannu ɗaya. Baba Arzika ne, surukin Illa.

Kun san kunyar suruki a Adar. Illa, wanda ko hanya ɗaya ba ya haɗawa da tsohon nan, ya nemi tashi ya gudu, ƙafa ta ƙi. Sai ya ja mayafi ya rufe fuska. Baba Arzika ya zauna a tabarma daidai ƙafar Illa ya dube ni.

"Yaro, gwada mani yadda aka naɗin abin ga."

"Baba, ai aikinmu ne," na ce.

"Na sani. Amma ku yana musu da ku. Ni ko, ba shi iyawa."

Na sa ya wanke hannu da sabulu, na nuna masa. Tun daga ranar, kowace safiya tsohon nan zai tako daga ƙauyensu, ya zauna, ya juya tsinken a hankali ina tsaye a kansa. Illa kuwa yana ƙarƙashin mayafi, ko motsin kirki ba ya yi, gumi na zuba. Mu ma'aikata mukan ɓuya bayan ɗakin magani mu yi dariya har hawaye. Ba su taɓa yi wa juna magana kai tsaye ba. In tsohon zai tafi sai ya ce da ni, da ƙarfi yadda za a ji: "Gaya mai gero na nan kowace shekara. Ƙahwa ko, guda biyu ɗiyata ta gani gare shi ta aure shi."

Ranar da wutsiyar tsutsar ta fito lafiya lau, Baba Arzika ya ɗaga tsinken ya duba, ya miƙo mini, ya kakkaɓe rigarsa. Daga ƙarƙashin mayafi muka ji muryar Illa: "Likita, ce ma Baba na gode." Da ƙafarsa ya koma gida, gwiwa na lanƙwasuwa.

Ina kewar zamanin nan, wallahi, ko da yake ba na fatan kurkunu ya dawo. Abin da na koya shi ne, in maras lafiya ya ƙi jin maganarku, ba lallai jahilci ba ne. Sau da yawa akwai wanda yake jin nauyinsa fiye da yadda yake jin tsoron ciwon. Ku bar ɗaga murya, ku nemo wannan mutumin ku ba shi tabarma.