Farar Gurjiya

A shekarun saba'in, lokacin ina ɗan aji uku a lakwal, wato makarantar boko ta Waca, hutun damina na Yaya ne. Ita ce babbar 'yar gidanmu, kuma ita ta ƙago mana wani wasa da ban taɓa ganin irinsa a wani gari ba.

A gindin gawon bayan gida muke yi. Mu gina shanu da laka, mu shata gonaki a rairayi, mu kafa kasuwa da rijiya. Yaya tana zaune kan turmi tana ba da labarin abin da ya faru a garin: yau an yi baƙo, yau saniya ta ɓata. Mu kuma kowa ya faɗi abin da mutuminsa zai yi. Amma kafin a fara, sai ta ɗaga ƙoƙo sama da kanka, ka miƙa hannu ka ɗauki gurjiya ɗaya ba ka gani. In ka ɗauki fara, kai mutumin kirki ne, ba ƙarya ba cuta. In baƙa ce, kai ne mugu. Mai roɗi-roɗi kuwa duk inda ya ga riba nan yake. Doka ɗaya ce: halinka yana kanka har sai ka mayar da gurjiyar cikin ƙoƙo.

Ni baƙar nake so, ba na ɓoyewa. Mai baƙa shi ke sace bijimi, ya rantse, ya sa a daki wani. Abin ya zo daidai da ni, don ko ba wasa ƙarya ba ta yi mini wuya. Inna takan ce in na ce mata rana ta fito, sai ta leƙa waje.

Sai ga wani mako, kullum fara nake ɗauka. Kwana ɗaya, biyu, har shida. Haushi kamar ya kashe ni. Abokina ɗan rugar da ke gabas da mu, yaro mai sanyin hali da ko kaza ba ya kora da ƙarfi, shi ke ta samun baƙa. In ya zo satar saniyata sai ya yi sallama tukuna.

Rana ta bakwai hadari ya taso muna tsakiyar wasa, muka watse, kowa da gurjiyarsa a aljihu. Washegari da hantsi na tafi tafki ɗebo laka. Don ƙiwar zagaye, na janye ƙayar shingen gonar wakenmu na ratsa, ban mayar ba. Abokina yana kiwon maruƙa can gefe, ya gan ni, har ya ɗaga mini hannu.

Kafin azahar maruƙan sun yi wa waken aski.

Aka taru a ƙofar gida. Baba yana huci, mahaifin abokina yana ba da haƙuri, sanda a hannunsa, ya ce yaron zai sha duka, kuma ba zai sake tako unguwarmu ba. Baba ya tambayi yaron wa ya buɗe shinge. Ya sunkuyar da kai, ya ƙi tona ni, bai ko dube ni ba. Ni kuwa na laɓe bayan Inna, ina jin tsoro, ina kuma jin daɗin na tsira.

Sai na ji Yaya a kunnena.

"Kai, ina gurjiyata?"

"Tana aljihu."

"Wace iri ce?"

Na kau da kai.

"To, ba ka mayar ba dai," in ji ta. Ta koma gefe ta naɗe hannu.

Wallahi na so in jefar da gurjiyar. Na damƙe ta har ta yi mini shaida a tafin hannu. Abin da ya fi ci mini rai, mai baƙa a aljihu yana shirin shan duka saboda ni, ni mai fara ina ɓoye bayan zane. Na fito na ce, "Baba, ni ne."

Na sha bulala, ba laifi, ta kuma shige ni. Da la'asar abokina ya zo da sabon bijimin laka mai dogon ƙaho, ya ajiye a garkena, ya zauna kamar ba abin da ya faru.

Bayan shekaru masu yawa na je gaida Yaya a Magariya, ta tsufa, jikoki sun kewaye ta. Na tambaye ta yadda aka yi na ɗauki fara kwana bakwai a jere. Ta yi dariya har da tari.

"Ƙoƙo biyu gare ni, sakarai. Naka duk farare ne. Baƙar ai da ita aka haife ka, me zan ƙara maka?"

Na ce ashe mai raba mana hali ita ce babbar macuciya. Ta ce ita ba ta taɓa ɗaukar gurjiya ba, doka ba ta hau kanta ba.

Na ce mata tawa fa har yanzu tana wurina, cikin gwangwanin da nake ajiye takardu, in kawo mata?

"Bar ta wurinka," ta ce.

Ina son matar nan, ban kuma taɓa faɗa mata ba. Bara ta rasu. Ƙoƙon ya daɗe da fashewa, ba kuma wanda zan mayar wa gurjiyar.