Likita ko Direba

A shagon mai gyaran talabijin wani dattijo yana zaune a kan benci, ya rungume rimot kamar za a ƙwace masa. Tabaransa ɗaure yake da zare a kunne ɗaya. Yadda yake bin takalman duk wanda ya shigo da kallo, wataƙila tsohon masinjan kotu ne da ya sha shari'a har ya ƙoshi.

Talabijin ɗinsa ta mutu jiya, ga shi yau za a nuna kashi na ƙarshe na shirin ɗan sandan ciki, inda za a gane wanda ya sa wa attajiri guba. Mako shida ke nan yana rantse wa matarsa cewa likita ne, har da zanen gidan attajirin a takarda. Ita kuwa tana tsintar shinkafa ta ce direba ne, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Baba, ai na ga ƙarshen a waya," in ji mai gyara. "In faɗa maka?"

"Rufa mini asiri, ɗana. Mai bincike ba ya satar amsa."

Ya ɗan jima yana juya rimot, can ya matso ya rage murya.

"Ba dai direban ba ne ko?"

Mai gyara ya duƙufa kan wayoyinsa. Dattijo ya daɗe yana kallon ƙeyarsa, sannan ya miƙe a hankali.

"To ɗana, aikin nan ba na gaggawa ba ne. Ko mako mai zuwa ma ya yi."