Foldar Baba

Baba fasto ne mai ritaya. Ya ƙare shekarunsa yana mayar da waƙoƙin sujada zuwa yarenmu a wata tsohuwar laftof, da wata 'yar manhaja mai fitar da haruffanmu. Antibairos, mai gadin laftof daga bairos, ya tsani manhajar nan, kullum sai ya kama ta ya kulle, Baba ya zauna yana tsaki.

Mai gyaran kwamfuta na bakin kasuwar Kafanchan, ɗan gidan wani Alhaji mai sayar da yadi, ya ce a cire manhajar kaɗai daga bincike. Yayana kuwa, wanda bai taɓa jin shawara ya bar ta yadda take ba, ya cire foldar Baba gaba ɗaya daga binciken.

"Aikin Baba ne za a dinga caje kamar jakan ɓarawo a cekin-foyin?" in ji shi. "Ba a gidan nan ba."

Da Baba ya rasu, filash ɗin da muke kwasar fayil da ita ta shiga yawo. Wannan yana son hoto don kalanda, wancan yana son tarihinsa, kowa ya kai ta shagon buga takardu ya dawo ya zuba abinsa cikin foldar Baba, inda babu mai dubawa.

Ana gobe jana'iza na buɗe foldar don a buga waƙarsa ta ƙarshe, wadda ya ce a rera masa a bakin kabari. Ko fayil ɗaya bai buɗu ba. Na ji haushin Yaya har na kasa kallonsa, na rungumi laftof na tare mai mashin.

Mai gyara ya mayar da foldar cikin bincike. Jan rubutu ya dinga fitowa, layi bayan layi, duk bairos ɗin da filash ta kwaso ne.

"Malama, in antibairos ya share su, zai iya haɗawa da fayilolin Baba. In killace tukuna?"

"Killace," na ce. Yaya ya iso yana haki, ya tsaya bakin ƙofa.

Yawancin waƙoƙin sun dawo. Ta ƙarshen ta buɗu, amma daga tsakiya sai tarkacen alamomi marasa ma'ana. Haka muka buga ta, rabin shafi fari fat.

A bakin kabari 'yan kwayar cocinmu suka rera har inda rubutu ya tsaya, suka yi shiru suna kallon takarda. Na sunkuyar da kai don kunya.

Sai muryar Mama ta tashi, siririya, tana rawa. Ba ta iya karatun yarenmu ba, amma ashe duk baitin da Baba ya gama, ita yake fara rera wa a kicin. Ta kai waƙar har ƙarshe ita kaɗai. Yaya yana gefenta da wayarsa a sama yana ɗauka, yana kuka kamar ƙaramin yaro.