Ranar da Kaka Ta Kai Baffa Gaban Zumunta

Duk Talata da la'asar matan cocin da ke bayan gidana sukan fara buga tulu. Ba kullum nake zuwa ba, gwiwa ta hana. Amma da na ji dum-dum ɗin nan, sai in ga kaina a Sabon Gari, a gidan haya mai ɗakuna a jere da famfo ɗaya, ina yarinya, ina bin Kaka zuwa zumuntar mata da 'yar kujerarta a kaina.

Shekarun da kuɗin man fetur suka shigo gari ne, bayan yaƙin basasa. In ba ka ga lokacin ba, sai dai in gaya maka. Masinja ya sayi babur, mai gadi ya sayi rediyo, ƙurar siminti ta ko'ina. Mu 'yan cocin Hausa, waɗanda iyayenmu suka zo Kano neman aiki, wata al'ada ta shigo mana. Mai ba da shaida, wato wadda za ta tashi ta faɗi abin da Ubangiji ya yi mata, ba ta zuwa da baki kawai. Abin za ta ɗauko a ka, ta yi rawa da shi daga ƙofa har gaba. Na ga fanka, na ga kan keken ɗinki. Wata firijinta bai ɗauku ba, sai ta zo da ƙanƙara a faranti, tana rawa ruwa na zubo mata a wuya.

Kaka, mahaifiyar babana, ba ta taɓa tashi ba. Abu ɗaya take roƙo, kuma ba a ba ta ba. Baffa, ƙanen babana, ya tafi soja ya dawo da hannuwa da ƙafafu, hankalin ne bai dawo ba. Ba ya duka, ba ya zagi. Da safe sai ya tsallaka Fagge, ya bi rumfunan 'yan atamfa yana tsintar ƙyallaye yana naɗe hannunsa kamar mai rauni. Bai san kowa ba. Kaka ma kallon baƙuwa yake yi mata, ita kuwa tana bin sa da kwanon abinci, rani da damina, ƙafarta duk faso.

Wata bazara uwar zumunta ta zo gidanmu. Ba muguwa ba ce, kada in yi mata ƙarya, mace ce mai son ganin sakamako. Ta ce akwai gidan addu'a a bayan gari, a can ana sa wa irin su Baffa marin ƙarfe a ƙafa, a hana su abinci, a yi ta dukansu da tsintsiya har aljanin ya fita.

"Mama, kin daɗe kina roƙo," in ji ta. "Kowa ana amsa masa. Tunda naki bai amsu ba, a bar masu baiwa su gwada."

Baba ya sunkuyar da kai ya ce to, ƙarshen wata za a nemi mota. Ya gaji, ga aikin masaƙa, ga maƙwabta na ƙorafi. Kaka ta gama tsince shinkafar da ke gabanta, sannan ta ce, "Ki sa sunana. Talata zan ba da shaida."

Ranar ba ta ɗauki komai ba. Ta sa Baba ya yi wa Baffa wanka, ta sa masa rigar Baba, ta bar masa ƙyallayensa a hannu. Ta kama ɗaya hannun, ni ina bayansu. Kwanon rufin cocin har ƙara yake yi don zafi. Mata na waƙa, ana kaɗa caki, da suka ga abin da Kaka ta shigo da shi sai kiɗan ya mutu a hankali. Ba ta yi rawa ba. Tafiya kawai ta yi har gaba.

"Ga nawa," in ji ta. "Bai warke ba, ku daina leƙe."

Ta ce wancan makon ta neme shi tun hantsi har rana ta take, sai ta same shi zaune a bakin kwata a Fagge. Wata Alhaja Bayarabiya mai atamfa, wadda ta saba ba shi ruwa, ita ta nuna mata wurin. Ta ce ƙafarta ta ƙi ɗaukarta, ta zube kusa da shi, ta kama faɗa da Allah a cikinta, ba ta buɗe baki ba. Ta ce wa Allah, kai naka ɗan kwana uku ya yi a kabari ka karɓi abinka, ni fa? Na gaji. Ba na roƙonka komai yau, gaya maka kawai nake yi na gaji.

"Sai yaron nan ya juyo," in ji Kaka. "Ya kwance ƙyalle ɗaya daga hannunsa, ya cire min takalmi, ya naɗe min diddige. Ya ce, Inna, kin gaji. Tun da ya dawo bai ce min Inna ba. Wa ya gaya masa? Allah kaɗai na gaya wa."

Ta juya wajen uwar zumunta. "Wanda Ubangiji ya aiko ya amsa min, shi za ku sa wa mari? Wa kuke so ku kora daga jikinsa?"

Ba wadda ta ce Halleluya. Baffa yana can yana kallon fankar sama. Can sai wata tsohuwa a baya, wadda ita ma nata ɗan bai dawo ba ko kaɗan, ta fara kuka, irin kukan da ba a tsayar da shi da waƙa. Uwar zumunta ta rufe da addu'a gajeriya. Kafin magariba maganar ta riga mu isa gida. Motar dai ba ta zo ba, ba a kuma sake tayar da zancen ba.

Kada ka ɗauka Baffa ya warke. Washegari ya koma Fagge, bai sake kiranta Inna ba har ta mutu. Mu muka gaji kwanon, ni da matar Baba, har shi ma ya bi ta. A ɗakinsa ya cika, ƙafarsa ba tabon ƙarfe.

Ni da furfura na shiga ajin yaƙi da jahilci, don in karanta Littafi Mai Tsarki da idona. Da na karanta sai na tarar ashe cike yake da gajiyayyu masu faɗa da Allah, ba a dai cika karanta mana su ba ne. Yanzu shaida ta koma ta lasifika da makullin mota, ana ɗauka a waya. Ba na hassada, Allah ya ƙara musu. Sai dai nakan dubi matan da ke zaune a kujerun baya, bakinsu a rufe, na san akwai mai jinyar miji, akwai mai ɗa a hannun ƙwaya. Kwanan baya matar Fasto ta ce min, Mama, yaushe za mu ji taki? Na ce mata, ki fara kiran na baya, in sun gama ina nan.